Ranar da Muka Kai wa Jami'a Kilishi

Shekara uku na yi ina karatun digiri a jami'ar da ban taɓa ganin ƙofarta ba. Ajina wata ƙaramar kwamfuta ce da nake ɗauka a jaka, teburina kuwa teburin masu gadi ne a wani babban sito da ke Laurel, inda nake rubuta lambobin manyan motoci masu shiga da fita. Idan mota ta shige sai in koma kan abin da nake karantawa, idan wata ta danno kai in ajiye. Yawancin darussana haka na karanta su, gutsure-gutsure, tsakanin tirela da tirela.

Kafin in zo ƙasar nan labarai nake karantawa a wani gidan rediyo a Kano. A can aka koya mini fassara cikin sauri, da yadda ake faɗin abu mai tayar da hankali ba tare da murya ta yi rawa ba. Takardar da na zo da ita difloma ce. Da na kai ta wurin masu auna takardun ƙasashen waje, suka auna suka ce ta kai rabin digiri. Sauran rabin shi na shiga nema ta intanet, domin ita ce kaɗai irin makarantar da ba ta hana mutum tsaron ƙofar sito.

Karatun bai ba ni wahala sosai ba, biyan kuɗin ne ya tsotse mu. Kowane zango sai an biya kuɗinsa cif kafin ƙarshen mako na biyu. Jami'ar ta sha tallata mini bashin karatu, amma tun farko ni da matata muka zauna muka yanke cewa ba za mu ci bashi mai ruwa ba. Ba zan ce tsoron Allah ne kaɗai ya hana mu ba. Mun ga waɗanda suka gama karatu tun 'ya'yansu na goye, yaran sun shiga sakandare, su kuwa har yau suna biya. Akwai kuma tsarin biya kashi-kashi, shi ma da ɗan ƙari a kansa, kuma sai mutum ya shiga tun kafin zango ya fara. Muka bar shi, muka koma ga abin da muka sani, wato adashi.

Uwar adashinmu wata ma'aikaciyar jinya ce 'yar Filato da ke zaune a Annandale. Kowa Mama yake ce mata, har waɗanda suka girme ta. Ranar Lahadin farko ta kowane wata, bayan ta dawo daga coci ta ci abinci, sai mu hallara a falonta: direbobi 'yan Nijar, mata masu kula da tsofaffi a gidajensu, wani mai gyaran waya, da mu. Hannu biyu muka shiga, nawa da na matata. Mama ta san dalilin shigarmu, saboda haka ta tsara mana kwasa ɗaya a watan Agusta, ɗaya a Janairu, daidai lokacin da jami'a ke buɗe baki. Kuɗin ba ya kwana biyu a hannunmu. Litinin in kai banki, Talata in danna maɓalli, nan take saƙo ya shigo cewa an gode.

Zubin hannu biyu kowane wata ba wasa ba ne ga mai gadi da mai kula da tsohuwa. Muka ci gaba da zama a ɗaki ɗaya da falo a wani dogon bene a Alexandria, inda lifta ke lalacewa duk lokacin da muka dawo da cefane. Matata ta ƙara ranar Asabar a kan aikinta. Gida kuwa ba mu je ba duk tsawon shekarun nan. Idan mahaifiyata ta tambaya a waya yaushe za a gama wannan karatu, sai in ce an kusa, ita kuma ta ce ai bara ma haka na ce.

A hunturun ƙarshe kwas ɗaya ya rage mini, wato aikin kammalawa. A daidai lokacin ne hukumar makarantu ta wata gunduma ta nemi mutumin da zai riƙa shiga tsakanin malamai da iyayen yara 'yan Afirka ta Yamma, wanda ya iya Hausa da Turanci, kuma yake da digiri. Na nema, aka kira ni, muka yi magana. Matar da ke ɗaukar ma'aikata ta ce za su iya jirana zuwa watan Mayu, da sharaɗin in aiko da shaidar cewa ina cikin kwas na ƙarshe kafin Janairu ya ƙare. Aikin zama ne, da inshorar lafiya, da hutun Asabar da Lahadi. Mafi girma a wurina, aiki ne na magana, abin da aka horar da ni a kai. Da na gaya wa matata sai ta zauna a bakin gado ta cire takalman aikinta, ta daɗe tana murza ƙafa, sannan ta ce, "Allah ya sa ƙarshen Asabar ɗina ke nan."

Cikin 'yan adashinmu akwai wani dattijo ɗan Damagaram mai sayar da huluna da turare da tabarau. Alhaji muke ce masa. Ya daɗe a ƙasar nan, kuma shi ake ɗauka idan za a je ba mai gidan haya haƙuri, ko sasanta miji da mata, ko neman aure. Tunda ni Bakano ne shi Badamagare, tsakaninmu sai tsiya. Bai taɓa kirana da wani suna ba sai Bakano, kuma bai taɓa gaishe ni ba tare da ya tuna mini cewa kakanninsa sun taɓa korar namu har bakin ganuwa. Ni kuma in ce masa ai kallon birni suka zo, da suka ƙoshi suka koma.

Ranar kwasar Janairu falon Mama ya cika. An gama zubi, ta haɗa kuɗin a ambulan, amma ba ta miƙo mini ba. Ta ɗora shi a cinya ta gyara tabarau.

"Malam, wannan watan naku ne, kowa ya sani," in ji ta. "Amma ga ɗan'uwanka nan." Ta nuna wani matashi da ke zaune a ƙasa kusa da ƙofa, ɗan ƙanwar Alhaji, direban haya. "Giyar motarsa ta mutu, mota tana gareji, ga mai jego a gida ko suna ba a yi ba. Nasa watan gobe ne. Na ce bari in tambaya a gaban kowa, ko za ku yi musanya."

Matashin ya sunkuyar da kai. Alhaji ya kawar da fuska yana kallon labule.

Na ce, "Ba komai, Mama. A ba shi."

Aka yi ta sa albarka. A ɗaki cike da mutane, ga mai buƙata zaune a ƙasa, ban san wata amsa da aka koya mana ba bayan wannan. Kuma ban faɗe ta da ka ba, na yi lissafi a zuciyata. Ranar ƙarshe ta biya Juma'a ce ta mako na biyu, kwasar Fabrairu kuwa za ta zo bayanta da kamar mako uku. Na ɗauka babu makarantar da za ta ƙi jiran mako uku ga ɗalibin da bai taɓa makara da biya ba. Lokacin da nake difloma a gida an taɓa yin haka. Baffana ya sa babbar riga ya kai ni ofishin ma'aji, suka gaisa, suka gano sun yi makwabtaka a wata unguwa, ma'aji ya rubuta a kusurwar takarda cewa a bar ni in shiga aji.

A mota, da muka hau babbar hanya, matata ta juyo wurina.

"Malam, ba komai ka ce?"

"To me zan ce?"

"Ka ce za ka yi shawara da iyalinka. Naka hannun na Agusta ne. Na Janairu nawa ne, Asabar ɗina ce a cikin ambulan ɗin nan."

Gaskiyarta ce, ban kuma tuna da haka ba a falon. Na ce mata zan kira jami'a gobe, za su jira. Ta ce Allah ya sa, ta juya tana kallon taga.

Na kira Litinin, na kira Talata. Lamba ɗaya ce. Da farko na'ura za ta ce ka danna kaza, sai kiɗa ya biyo baya na tsawon lokaci, sannan mutum ya ɗauka. Kullum murya daban, kullum cikin ladabi. Kowannensu ya ce ya fahimci halin da nake ciki, kowannensu kuma ya ce duk wanda bai biya ba zuwa ƙarfe biyar na yammacin Juma'a, kwamfuta ce za ta cire shi daga kwas, ba wani ma'aikaci ba. Tsarin biya kashi-kashi an rufe shi tun da zango ya fara. Na ce a haɗa ni da shugabansu, aka haɗa ni da wata murya da ta maimaita abin da ta farko ta faɗa, sai dai a hankali.

Na nemi rance wurin mutum biyu. Janairu ne, kowa ya fito daga hidimar ƙarshen shekara, kuma waɗanda za mu iya tambaya su ne dai waɗanda suka zuba adashin. Abin da na haɗa bai kai rabi ba, jami'a kuwa ba ta riƙe wa mutum gurbi da rabi. Daga ƙarshe matata da kanta ta ce in tambayi bashin nan da muka ƙi shekara uku, idan ya so mu biya shi gaba ɗaya a Fabrairu. Na tambaya. Aka ce takardunsa suna ɗaukar makonni kafin a amince, ba zai iso kafin Juma'a ba.

Labari ya kai wa Alhaji ta bakin Mama. Ya kira ni ranar Laraba ina bakin aiki.

"Bakano, an ce lakwal ɗinku, makarantar nan taku, ta tsare ka."

"Haka ne, Alhaji. Na yi ta kiransu, sun ce ba yadda za a yi."

"A waya? Waya tana da ido ne da za ta ji kunyarka? Kai da ka yi boko ba ka san zuwa da kai ya fi saƙo ba? Ina biro ɗinsu yake, ina nufin ofishinsu?"

Na ce masa jami'ar intanet ce. Ya ce ko ta aljanu ce ai tana da inda take karɓar kuɗi. Na duba ƙasan saƙonnin da suke aiko mini, sai ga adireshi a nan Virginia, a kan hanyar filin jirgi, tafiyar da ba ta kai awa ɗaya ba. Shekara uku yana nan ban taɓa lura da shi ba.

"To shi ke nan," in ji Alhaji. "Gobe ka sa kayan mutunci. Saboda ɗana ka shiga wannan, ni zan fitar da kai."

Na san irin makarantar da nake yi. Duk da haka na yarda da shi, domin ni ma a can ƙasan zuciyata na ɗauka duk inda ake karɓar kuɗin mutane akwai wani zaune a kan kujera wanda idan ya ce a jira, za a jira. Na nemi hutun ranar Alhamis, hutun da ba a biya. Na sa kaftani da hula. Alhaji ya fito da babbar riga fara mai aska, ya ɗora ƙatuwar rigar sanyi a kai, hannunsa riƙe da leda. A ciki akwai kilishin da wani ɗan garinsu ke yi a New York, an naɗe shi a takarda, da kwalbar turare daga cikin na sayarwarsa.

A hanya ya tsara mini yadda za a yi. Shi zai yi magana, ni in fassara.

"Kada ka rage, kada ka ƙara," in ji shi. "Na san ku Kanawa, ko a fassara sai kun ci riba."

"Alhaji, shekarata nawa ina wannan aiki a rediyo."

"Shi ya sa ba ma yarda da labaranku. Idan mun shiga kada ka fara da maganar kuɗi. A gaisa tukuna. A tambayi iyali. Mutum idan ka tambayi 'ya'yansa, rabin aikin ya ƙare."

Adireshin ya kai mu wani dogon gini na gilashi a tsakiyar filin ajiye motoci, an tara dusar ƙanƙara a gefe ta yi baƙi. Babu ƙofar makaranta, babu ɗalibai. A allon da ke zauren shiga an jera sunayen masu haya: likitan haƙori, kamfanin inshora, lauyoyi, sai jami'ata a hawa na huɗu. Muka hau lifta. Da ta buɗe na ga tambarin da nake gani kullum a fuskar kwamfuta, an manna shi a jikin ƙofar gilashi, ya fi yadda na saba ganinsa girma. Alhaji ya yi bisimilla ya tura.

Ɗaki ne madaidaici da kujeru huɗu da wata shuka ta roba. Bayan tebur wata budurwa ce zaune tana rarraba wasiƙu a kwanduna. A bayanta akwai dogon zaure cike da tebura, babu kowa a kansu, fitilun ma a kashe.

Alhaji ya gaishe ta, na fassara. Ya tambayi aiki, ya tambayi sanyi, ya tambayi iyayenta. Ta amsa tana murmushi, tana kallon rigarsa da ta leƙo ta ƙasan ta sanyi. Sannan ya ce mun zo ganin ma'aji.

Ta ce masu harkar kuɗi ba a nan suke ba. Daga gidajensu suke aiki, a jihohi daban-daban. Nan wurin karɓar wasiƙu ne, sai kuma taro idan ya taso.

"To shugaban lakwal ɗin fa?" in ji Alhaji.

Ta ce yana wata jiha mai nisa, ita ma a fuskar kwamfuta kawai ta taɓa ganinsa.

"Ce mata za mu jira."

"Alhaji, ta ce ba mai zuwa."

"Wane ne a sama da ita? Kowa yana da na sama da shi."

Na tambaya. Ta ce akwai wata mata da ke zuwa ranar Litinin, amma ita harkar hayar ginin da na'urori take kula da su.

Alhaji ya tsaya yana kallon zauren nan mai duhu. Na zaci zai ce mu tafi. Sai ya cire rigar sanyi ya miƙo mini, ya gyara babbar rigarsa a kafaɗu, ya matsa gaban teburin ya fuskanci yarinyar.

"Fassara," in ji shi. "'Yata, ni dattijo ne, ban zo da rigima ba. Wannan mutum da kike gani ɗalibinku ne, shekara uku bai taɓa riƙe muku ko sisi ba. Kuɗinku na wannan karo yana hannunsa, ni shaida ne. Sai ɗana ya shiga matsala, motarsa da yake ci da ita ta lalace, matarsa ta haihu. Aka roƙi wannan mutum a gaban jama'a, ya ba shi. Idan akwai mai laifi ni ne, da ban hana ba. Mako uku muke roƙo. Ni zan tsaya masa. Ga katina, ga lambar shagona, idan bai biya ba ni za a kama. Kada a ce don mutum ya yi alheri ya rasa abincin iyalinsa."

Na fassara duka, ban rage ba, ban ƙara ba. Da muryar labarai na yi, domin ita ce ba ta rawa. Rabona da fassara mai kyau irin wannan tun ina Kano. Yarinyar ta ajiye wasiƙun tun a jimla ta biyu, ta miƙe tsaye, ta saurara har ƙarshe hannuwanta a haɗe. Da na gama ta ce ta yi baƙin ciki ƙwarai, kuma da tana da iko da ta yi. Ta ce bari ta gwada wani abu. Ta jawo wayar teburinta ta danna lamba, ta juyo mini da ita.

Kiɗan nan ne dai. Na zauna a ɗaya daga cikin kujerun, wayar jami'a a kunnena, a cikin ofishin jami'a, ina jiran jami'a ta ɗauka. Alhaji ya zauna kusa da ni da ledarsa a cinya. Da aka ɗauka wani saurayi ne, ya ce ya fahimci halin da nake ciki, sannan ya gaya mini maganar ƙarfe biyar na Juma'a.

Da za mu fita Alhaji ya ɗora ledar a kan tebur ya ce a ba shugaba idan ya zo. Yarinyar ta ce doka ta hana su karɓar kyauta. Ya ce in gaya mata ba cin hanci ba ne, gaisuwa ce, kuma ba a komawa da gaisuwa gida. Muka fita. Muna jiran lifta sai ga ta da sauri da ledar a hannu, tana ba da haƙuri, ta ce za ta shiga matsala idan aka gani. Alhaji ya sa hannuwansa a baya. Ni na karɓa.

Azahar ta yi muna filin motoci. Ya ɗauko kwali daga bayan motata ya shimfiɗa a gefen ƙanƙarar, muka yi salla ɗaya bayan ɗaya, iska tana kaɗa rigarsa. A hanyar dawowa, da muka kusa gida, Alhaji ya dube ni.

"An sha hana ni abu a duniya," in ji shi. "Amma wanda ya hana ni, na gan shi. Gobe idan mun haɗu a jana'iza shi zai sunkuyar da kai. Wannan fa?"

Na tsayar da mota a ƙofar gidansa. Da zai sauka ya ce, "Ka yi haƙuri, Malam." Ya bar ledar a kan kujera.

Ranar Juma'a ina teburin gadi. Biyar ta wuce da kaɗan wayata ta yi ƙara, saƙo ne cewa an cire ni daga kwas saboda rashin biya, kuma ana fatan ganina a zango mai zuwa. Aikin kammalawa ba a sake buɗe shi sai Agusta. Wata tirela ta tsaya a ƙofa, na rubuta lambarta, na ɗaga mata sanda. Washegari na rubuta wa matar hukumar makarantu na gaya mata gaskiya. Ta amso cikin mutunci, ta ce ba za su iya barin gurbin har ƙarshen shekara ba. Daga baya na ji wani suka ɗauka mai Faransanci.

Matata ba ta ce ai na faɗa maka ba, ko da yake na fi son ta faɗa a wuce wurin. Ta ga ledar a kan firji ta tambayi mene ne, na ba ta labari tun daga lifta har kwalin salla. Ta yi dariya har ta riƙe ciki, sannan dariyar ta tsaya. Ta kwance takardar ta yago kilishin ta ce, "Tunda jami'a ba ta ci, mu ma ci." Ranar Asabar ta tashi da asuba ta tafi wurin tsohuwarta.

A Fabrairu ɗan ƙanwar Alhaji da kansa ya karɓi ambulan daga hannun Mama ya kawo mini, ya durƙusa. An gyara mota, an yi suna. Ya ce duk inda za ni in kira shi, ba zai karɓi ko kwabo ba. Na ce ba komai, matata ta miƙo hannu ta karɓi ambulan ɗin ta sa a jakarta. A asusunta kuɗin ya zauna har Agusta. Kafin lokacin jami'a ta ƙara kuɗin zango, muka cike daga kwasata.

Abin da ban yi tsammani ba shi ne Alhaji. Tun daga ranar nan ya daina ce mini Bakano. Idan mun haɗu a masallaci ko a falon Mama sai ya gaishe ni da Malam, ya tambayi iyali, ya wuce. Na gwada tsokanarsa sau biyu da maganar Damagaram, ya yi murmushi kawai. Mutumin da ya saba shiga gaba a biya buƙata, ga shi ya sa babbar riga ya je ya dawo hannu wofi, kuma a gabana. Na so in ce masa ba laifinsa ba ne, amma hakan ma tuni ne, sai na bari.

Na gama a Disamba. Takardar ta zo ta gidan waya cikin ambulan na kwali, na tarar an jingine shi a ƙofar ɗakinmu tare da tallan kayan abinci. Mama ta ce lallai in kawo a gani, tunda kuɗin kowa ya ratsa ta cikinta. Ranar kwasar Janairu na kai. Aka yi ta miƙa ta hannu zuwa hannu, mata suna guɗa ƙasa-ƙasa saboda makwabta. Da ta iso wurin Alhaji ya goge hannu a riga, ya karɓa, ya nisanta ta da idonsa, ya daɗe yana kallon sa hannun da ke ƙasa.

"Wannan da ya sa hannu, ka taɓa ganinsa?"

"Ban taɓa ba, Alhaji."

"To shi ne ya kamata ya ci kilishinmu." Ya miƙo mini takardar. "Kai kuma Bakano, na san kai ka cinye shi, ko tayi ba ka yi mini ba. Ina turarena?"

Na ce turaren kam na sayar. Ya ce ai ya sani.

Mama ta buga hannu ta ce za a fara sabon zagaye, kowa ya faɗi hannu nawa zai shiga. Kafin in buɗe baki matata ta ce hannu ɗaya, da sunanta, kuma duk mai neman musanya ita zai tambaya. Ta ce kuɗin jirgi take tarawa. Mama ta rubuta.

Gurbin hukumar makarantu bai sake buɗewa ba har yanzu. Na aika takarduna wurare da dama, wasu sun amsa, wasu ba su amsa ba. Digirin yana cikin ambulan ɗinsa a saman kwaba, ba mu sayi firam ɗin rataye shi a bango ba tukuna. Litinin da safe na sa yunifom na tafi Laurel. Na ɗauki jakar kwamfuta har na kai bakin lifta, sannan na tuna babu abin da zan karanta, na koma na ajiye ta.